Gonar Kan Jigawa da Zaitun ɗin Abzin

Gonar gidanmu a kan jigawa take, kudu da Damagaram kaɗan. Jar ƙasa ce mai rairayi, ka yini kana noma hauyarka ba ta taɓa dutse ko ɗaya ba. Tun ina yaro na lura cewa tudun namu dogo ne, ya miƙe daga gabas maso arewa zuwa yamma maso kudu. A gefensa akwai kwari inda ruwa ke kwanciya da damina, bayan kwarin kuma wani tudun ya sake miƙewa daidai da namu, kamar kunyoyin da wani ƙato ya ja ya tafi ya bari. Wata rana na tambayi kakana wa ya jera su haka. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kai dai kama hauyarka, malalaci. Wanda ya jera su bai nemi shawararka ba."

Sai da na girma na ci karo da wata amsar, wadda ba ta ƙaryata ta tsohon ba. A shekarar 1958 wani Bature masanin labarin ƙasa mai suna A. T. Grove ya wallafa bincikensa a kan waɗannan tuddai da suka shimfiɗu daga yankin Kano zuwa wajen Barno har suka tsallako Nijar. Ya nuna cewa tsofaffin tuddan rairayi ne na hamada, irin waɗanda iska ke turawa yau a Tenere, sai dai su sun mutu, ciyawa da itatuwa sun ɗaure su wuri ɗaya. Jihar Jigawa ta Najeriya ma daga irin wannan ƙasa ta samo sunanta. Ashe geron da muka ci muka girma a bayan matacciyar hamada aka noma shi.

Daga ranar wata tambaya ta maƙale mini. Idan gonarmu ta taɓa zama tsurar rairayi mai tafiya, to babu gawo a kanta ke nan, babu kuka, babu magarya, babu aduwa. Itace kuwa ba shi da ƙafa. Ina suka je da wurin ya ƙi zaunuwa, kuma daga ina suka dawo? Wannan ma tarihi ne, duk da babu sarki a cikinsa kuma babu yaƙi. Neman amsarsa sai da ya kai ni ƙasashen sanyi kafin ya maido ni gida, domin a can aka fara buɗe zancen.

A 1815 wani maharbi ɗan ƙauye a duwatsun Suwizalan, Jean-Pierre Perraudin, ya gaya wa injiniya Jean de Charpentier cewa ƙanƙarar da ke can saman duwatsu ta taɓa cika kwarinsu gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce zane-zanen da ke jikin duwatsu, da manyan duwatsun da ake tararwa zaune a inda ba irinsu ba ne, nesa da inda aka ɓamɓaro su. Injiniyan bai ɗauki maganar da nauyi ba, sai bayan shekaru ya dawo kanta. A 1837 wani masanin tsirrai ɗan Jamus, Karl Schimper, ya raɗa wa abin sunan da ake kiransa da shi har yau, wato zamanin ƙanƙara. A watan Yulin shekarar Louis Agassiz ya tsaya gaban taron masana a garin Neuchâtel ya ce ƙanƙara ta taɓa lulluɓe yawancin arewacin duniya. Aka yi masa ca. Daga baya shi ya tafi da sunan, Schimper kuwa ya ƙare rayuwarsa yana jin haushin an ci masa haƙƙi. Ina son wannan labari saboda mutum biyun da aka fi mantawa da su a cikinsa: maharbin da ya yarda da idonsa, da mai tsirran.

Abin da aka tabbatar tun daga lokacin ya wuce tunanin Agassiz. Ba sau ɗaya aka yi ba. Cikin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce ƙanƙarar ta zo ta koma sau da dama, a ƴan zamunan baya-bayan nan kusan duk shekara 100,000. Milutin Milankovitch, masanin lissafi ɗan Sabiya, ya danganta haka da ƙananan sauye-sauye a yadda duniya ke karkata da yadda take zagaya rana, kuma a 1976 lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin teku ta gaskata lissafinsa. Zuwan ƙarshe ya kai ƙololuwa wajen shekara 21,000 da suka wuce. Ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku ta danne Suwidin da Norwe da yawancin Birtaniya da arewacin Jamus, a Amurka kuma ta gangaro har inda birnin New York yake yau. Ruwan da ta daskarar ya sa teku ta ja baya da kimanin mita 120, har ana iya takawa da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila, daga Saberiya zuwa Alaska.

Masu tsirrai ne suka fara gane abin da wannan ke nufi ga masu rai. A 1846 Edward Forbes ya yi mamakin yadda ake samun furanni iri ɗaya a saman duwatsun Sikotilan da kuma can ƙuryar arewa, alhali babu su a filayen da ke tsakani. Ya ce lokacin sanyi sun mamaye filayen duka, da ɗumi ya dawo sai wasu suka bi ƙanƙara arewa, wasu suka hau dutse suka maƙale. Akwai wata ƴar ciyawa mai farin fure mai kunnuwa takwas da masana ke kira Dryas, wadda ba ta son komai sai sanyi. An tono ganyenta a cikin tsohuwar laka a kudancin Suwidin da Denmak, inda yau gonaki ne, shi ya sa sanyin da ya komo na ɗan lokaci tsakanin shekara 12,900 zuwa 11,700 da suka wuce ake kiransa da sunanta.

Ganye da ƙurar fure da ke cikin laka suna iya gaya maka cewa wani tsiro ya taɓa zama a wuri. Ba za su gaya maka ko shi ne kakan waɗanda ke raye yanzu ba. Wannan sai da aka iya karanta ƙwayoyin gado, wato DNA, daga wajen shekarun 1980 zuwa 1990. Hanyar ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya san zancen dangantaka. Tsiro mai fure yana gadon iyaye biyu: uwar da ta ɗauki ƙwallo, da uban da iska ko ƙudan zuma suka kawo ƙurar furensa. Amma a cikin koren ganye akwai wasu ƴan ƙwayoyi masu sarrafa hasken rana, suna da nasu ɗan littafin gado daban, kuma a yawancin tsirrai masu fure ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Ƙurar fure tana iya tashi ta yi nisa, ƙwallo kuwa sai inda ya faɗi, ko inda tsuntsu ko ruwa ya kai shi. Saboda haka in ka bi wannan tsatso na dangin uwa, sawun ƙwallo kake bi, daga inda ya taso zuwa inda ya tsiro.

Da aka bi sawun a Turai sai wani tsari ya fito fili, wanda Godfrey Hewitt na Ingila ya fi kowa bayyana shi, musamman a rubutunsa na shekarar 2000. Itatuwan daji sun ƙare ƙaƙaf a arewa, suka tsira a ƴan lunguna na kudu: Sipaniya da Fotugal, Italiya, da yankin Balkan. Da ƙanƙara ta narke, daga waɗannan mafaka uku suka sake hawa arewa. Rémy Petit na Faransa da abokan aikinsa sun tattara samfur na itacen ok, babban itacen dazuzzukan Turai, daga wurare 2,613, suka zana taswira. Tsatson Sipaniya ya bi gaɓar teku ta Faransa har Birtaniya, na Balkan ya bazu ta gabas da tsakiya, kowanne da hanyarsa kamar ayarin fatake.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da aka zubar a hanya. Wanda ya zauna a mafaka yana tare da danginsa kaf, iri-iri. Wanda ya yi gaba kuwa ƙwallo ɗaya ne ko biyu da wani tsuntsu ya jefar can nesa. Su za su tsiro su hayayyafa su cika wurin kafin na baya su iso, in sun iso ma babu sauran fili. Daga cikin jikokinsu kuma wani ɗaya zai sake yin gaba. Kowane zango ana rage kaya. Shi ya sa a tsirrai da yawa za ka tarar da dubban kilomita na arewacin Turai da tsatso ɗaya ko biyu kacal, alhali wani ɗan kwari a Girka ko Italiya yana ɗauke da irin da babu shi ko'ina a duniya.

Na fi gane wannan da na tuna da harshenmu. Ka tashi daga Adar ka bi ta Gobir ka gangara Katsina, ko ka yi yamma zuwa Arewa da Kurfai, tafiyar yini guda sai ka ji karin magana ya sauya, kalmomi sun sauya, har yadda ake haɗa jimla. Amma Hausar da fatake suka ɗauka zuwa zangunan nesa ta fi zama shafaffiya, ta yar da abubuwa da yawa a hanya. Inda abu ya daɗe a zaune nan yake rassa.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka zancen ya miƙe sumul haka. A 2003 Petit ɗin nan da jama'arsa suka duba itatuwa da ƙananan bishiyoyi iri 22 a dazuzzukan Turai, suka ga cewa dajin da ya fi tara tsatso masu yawa wuri ɗaya ba a can kudu yake ba, a tsakiya yake, arewa da manyan duwatsu, inda hanyoyin uku suka haɗu. Wato kamar kasuwa: za ka ga Ba'adare da Bagobiri da Bakano a rumfa ɗaya, amma kowannensu yana da garinsu inda irinsa suka fi yawa. Su kuwa mafakan kudu, kowacce abin da ke cikinta nata ne ita kaɗai. Kasuwa in ta watse ana iya sake cinta. Mafaka in ta ƙone, abin da ke ciki ya tafi ke nan. Wannan bambanci shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na karanta.

To mu fa? Ƙanƙara ba ta taɓa sauka a ƙasar Hausa ba. A Afirka saman manyan duwatsu kawai ta kama, irin su Kilimanjaro da Ruwenzori da tsaunukan Habasha da na Atlas. Mu rabonmu fari ne. Teku mai sanyi ba ta tayar da tururi sosai, iskar damina da ke kawo mana hadari daga kudu maso yamma ta yi rauni, iskar hunturu kuwa ta samu fili. Ga shi iskar kabon da tsirrai ke shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da yadda take kafin zamanin masana'antu, abin da ke wahalar da itatuwa fiye da ciyayi dangin gero da dawa. Hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Tafkin Cadi ya ƙafe, rairayi ya hau gadonsa, kuma tsibiran da ke jere a gefensa na gabas yau kawunan waɗancan tuddai ne da ruwa ya dawo ya kewaye. A Gana, lakar tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi, inda yake kurmi ne, ta nuna ciyawa ce ta mamaye wurin a lokacin. A tafkin Barombi Mbo na Kamaru kuwa, binciken Jean Maley ya nuna kurmin ya yi sirara amma bai mutu ba. Can ma akwai mafaka ke nan.

Mu ɗauki kaɗanya, tunda babu gidan da bai san man kaɗe ba. Tana nan a shimfiɗe kamar ɗamara daga Senegal har Yuganda da gefen Habasha, a Nijar kuma an fi ganinta a kudu wajen Dosso da Gaya. An daɗe da sanin cewa ta gabas daban take da tamu. Man kaɗen da matan arewacin Yuganda da Sudan ta Kudu ke yi laushi gare shi, kusan ruwa-ruwa, namu kuwa daskararre ne da ake yankawa a dunƙule. A 2011 François Allal da abokan aikinsa suka wallafa binciken itatuwa 374 daga wurare 71 a faɗin wannan ɗamara. Suka samu rabuwa mai ƙarfi tsakanin kaɗanyar yamma da ta gabas, suka kuma samu cewa ta Afirka ta Yamma ta fi yawan iri-iri a gadonta. Da suka gwada da kwamfuta inda yanayi zai iya riƙe kaɗanya shekara 21,000 da suka wuce, sai ya nuna a yamma mazauninta bai tsinke ba, a gabas kuwa ya daddatse gida-gida.

Ma'anar wannan ita ce kaɗanyar yamma ta samu wurin ja da baya. Da hamada ta turo daga arewa, kurmi ma ya ja jiki daga kudu, sai fili ya buɗe mata, ta sauka da danginta da yawa, ta kuma dawo da su. Ta gabas ta rabu ƙungiya-ƙungiya, kowacce ta yi asarar wani abu. Idan yau mai bincike yana neman kaɗanya mai saurin haihuwa, ko mai jure fari, ko mai yawan mai, rumbun da zai fi samun zaɓi a ciki shi ne na yamma, kuma farin da aka yi tun kafin a fara noma a duniya yana cikin dalilan haka. Duk lokacin da na ga buhunan gawayi a bakin hanya sai in tuna cewa itacen kaɗanya na cikin waɗanda masu gawayi suka fi so, ita kuwa sai ta shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta fara ƴaƴa.

Bayan farin sai abin ya juye gaba ɗaya. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,500 da suka wuce damina ta hau arewa har tsakiyar Sahara. Tafkin Cadi ya cika ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000. A Gobero cikin Tenere an tono kaburburan masunta tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina. A Dabous, arewa da Agadas, wani ya sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse da girmansu na gaske. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwalen da ya kai shekara 8,000. A wannan lokacin ne ciyawa ta gama ɗaure tudun gonarmu. Sannan ruwan ya sake janyewa. Haka Sahara ta yi ta buɗewa tana rufewa sau da yawa, kuma duk rufewa sai ta ritsa da wasu a ciki. Kadojin da suka rage a wani ɗan tafki cikin duwatsun Ennedi na Cadi irin waɗannan ne.

Wanda ya fi taɓa ni cikin waɗanda aka ritsa da su itace ne, kuma a ƙasarmu yake. Mu dai zaitun a Alƙur'ani muka san sunansa, sai kuma mansa a kwalba daga ƙasashen Larabawa. Ban taɓa zaton akwai zaitun na daji da ke tsirowa da kansa a Nijar ba. Akwai shi kuwa, a saman duwatsun Abzin: Bagzan, Tamgak da Gerebun. Akwai shi a Hoggar da Tassili na Aljeriya, inda Abzinawan can ke ce masa aleo, akwai shi kuma a Jabal Marra na Darfur. Ba ya sauka ƙasa, sai daga tsayin kusan mita 1,400 zuwa sama, a wuraren da ruwan shekara sau da yawa bai kai milimita 100 ba. Masana biyu na Faransa, Battandier da Trabut, su suka rubuta shi a 1911, suka laƙaba masa sunan Laperrine, wani hafsan sojan mulkin mallaka. Itacen da ya riga Faransa kanta zuwa duniya, ga shi yana yawo a littattafai da sunan sojanta.

Ɗan'uwan zaitun ɗin noma ne na kusa, suna ma iya barbara da juna. Yadda masana suka fahimta, a lokutan ruwa yakan sauko ya bazu, tsuntsaye su kai ƙwallonsa daga wannan dutse zuwa wancan, a lokutan fari kuma ya koma sama ya lafe a cikin tsagar duwatsu inda ɗan ruwa ke taruwa. Duwatsun su ne Sipaniyarsa da Italiyarsa. A 2007 Guillaume Besnard da Djamel Baali-Cherif da Fabien Anthelme da wasu suka wallafa abin da suka samu daga duwatsu huɗu, biyu a Aljeriya, biyu a Nijar, wato Tamgak da Bagzan. Sun tantance itatuwa 237 masu gado daban-daban. Tsatson uwa ya nuna asalin daga kudancin Aljeriya yake, can ne kuma aka fi samun iri-iri. Na Nijar sun ware sun zama dangi guda daban da na Aljeriya, sannan kowane dutse yana da tasa alamar. Rairayin da ke tsakani ya yanke zumunci, kowa ya zauna da abin da ya shigo da shi. Namu sun fi ƙaranci, sun fi kaɗaici, kuma suna ɗauke da abin da babu shi a Hoggar.

Akwai abin mamaki a nan. Bisa ƙa'ida, jama'a ƴan kaɗan da suka keɓe suna auren junansu gadonsu yakan tsiyace da sauri. Wannan zaitun bai tsiyace haka ba, binciken da aka yi a Hoggar a 2005 ya samu iri-iri masu yawa a cikinsa. Dalilin shi ne ya kusan daina haihuwa. Idan gangar jiki ta tsufa ko ta karye, sai sabbin rassa su tsiro daga gindi, su ma su tsufa, wasu su fito. Abin da za ka ɗauka itatuwa biyar ne ko goma a kewaye, in an duba gadonsu sai a ga mutum ɗaya ne. Ana ƙiyasin wasunsu sun haura shekara dubu a haka. Tunda ba a sauya zuriya, ba a zubar da kaya. Kowane kututture ajiya ce daga lokacin da ruwa ke sauka, an ɗaure ta an rataye ana jiran wata damina.

Shekarun baya, lokacin da hanyar Agadas ke da sauƙin bi, na raka wani abokina mai sayen albasa zuwa Tabelot, a gindin Bagzan. Na matsa masa sai da ya haɗa ni da wani dattijo Ba'abzine da ya san dutsen. Da ƙafa ake hawa, kaya a bayan jaki. A sama akwai ƙauyuka da lambuna, abin da mutumin fili ba zai yarda ba sai ya gani. Kwana biyu muka yi kafin ya kai ni wani kwazazzabo mai manyan duwatsu, ya nuna da sandarsa. Gaskiya da farko na ji an rage mini zafi. Na zo da hoton wata ƙasaitacciyar bishiya a kaina, sai na tarar da dunƙulallen kurmi wanda bai fi ƙirjina ba, rassa a cukurkuɗe, ganye ƙanana. Awaki sun aske shi ta ko'ina. Can sama a jikin gangaren da akuya ba ta iya kaiwa, nan ne wani ya samu ya miƙe, ganyensa sirara dogaye, bayansu fari-fari kamar azurfa idan iska ta juya su.

Wannan askin shi ne matsalar. Anthelme da abokan aikinsa, a binciken da suka wallafa a 2008 kan na Nijar, ba su samu alamar sabon tsiro daga ƙwallo ba. Itacen da ake cinye kansa kullum ba ya kaiwa ga fure. Wanda ya yi fure kuma yana buƙatar ƙurar wani daban, domin zaitun ba ya yawan karɓar tasa, maƙwabcin kuwa yana iya kasancewa a wani kwazazzabon. In an yi sa'a ƙwallo ya faɗi, sai ya samu shekaru masu ruwa a jere, kuma baki bai kai gare shi ba. Ban ga laifin makiyayin ba. A wurin da koren ganye ya fi kuɗi wuya, ba za ka ce wa mai akuya ya bar dabbarsa ta mutu saboda tarihin shekara dubu ashirin ba. Amma lissafin a bayyane yake: kowane kututturen da ya mutu, gado guda ne ya fita daga cikin ƴan kaɗan ɗin, babu kuma mai shigowa.

Ana iya ganin ƙarshen irin wannan hanya a tsibirin Sisili na Italiya. A 1991 aka gano wata bishiya a can, Zelkova sicula, ragowar dazuzzukan da zamunan ƙanƙara suka share daga Turai. Wuri biyu kawai aka san tana da shi, kuma da aka duba gadonta sai aka ga kowane wuri itace ɗaya ne da ya yi ta tsirowa daga saiwa. Ƙwallonta ba ya tsirowa. Zaitun ɗin Abzin bai kai nan ba tukuna, har yanzu yana da dangi da za a iya haɗawa. An ma samu sawun gadonsa a cikin wasu nau'o'in zaitun na noma a arewacin Afirka, alamar cewa ya taɓa ba da gudummawa, kuma ƙasashen da fari ke ƙona musu gonakin zaitun yau suna da dalilin waiwayar itacen da ke rayuwa da ruwan da bai isa gero ya tsiro ba. Gandun Abzin da Tenere yana cikin jerin kayan gadon duniya na UNESCO tun 1991, shekara ɗaya bayan haka kuma aka sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Takarda ba ta hana akuya kiwo. Ni a ganina abin da zai yi aiki ƙarami ne: shingen dutse a kewaye da wasu itatuwan da yardar masu wurin da kuma ladansu, da reshe daga kowane kututture a dasa a lambunan da ke saman dutsen, kusa da juna yadda ƙurar wannan za ta kai ga wancan.

Kafin mu sauko na tambayi dattijon, na ce, "Baba, ka taɓa ganin ƙaraminsa? Wanda ya fito daga ƙwallo?" Ya ɗan yi shiru yana gyara rawaninsa. Ya ce, "Malam, yadda ka gan su ɗin nan haka na tashi na gan su. Babana ma a nan ya nuna mini su, ba su ƙaru ba. Wancan na bakin ruwan ne dai babu shi yanzu." Ya nuna wani wuri da babu komai sai baƙin kututture. Na durƙusa a gindin na kusa da mu na yi ta tona ƙasa da yatsa ko zan samu ƙwallo ɗaya in sa a aljihu. Duk abin da na ɗauko mai kama da shi, in na murza sai ya zama kashin akuya. Ya bar ni na yi ta yi har rana ta fara karkata, sannan ya kwance jakin.